An toshe jijiyar da ta fashe, me ya sa ƙwaƙwalwar mahaifiyata take kumbura?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 54 tana zaune lafiya lau sai ta dafe kai, ta ce tunda take ba ta taɓa jin ciwon kai irin wannan ba. Ta yi amai, ta suma. A asibiti aka yi hoton kai aka ce wata jijiya ce ta fashe, jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa amma bai shiga cikinta ba. Washegari aka toshe jijiyar, ta farfaɗo har tana gane mu. A kwana na shida sai ta koma barci-barci, hannunta na dama ya yi nauyi. Likitanta ya ce ƙwaƙwalwar ta kumbura, wai shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya yi rauni. Wane shinge ne wannan? In jinin bai shiga ciki ba, kuma an toshe inda ya fito, me ke ci gaba da yi mata ɓarna? Kuma shingen yana gyaruwa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannunku da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Abin da kika kwatanta, duk wanda ya yi aiki a sashen masu tiyatar kai ya san shi: an toshe jijiya, dangi sun fara sakin jiki, sai a kwana na biyar ko na shida mara lafiya ya juya. Kuma tambayarki a kan hanya take. In jini bai shiga ƙwaƙwalwa ba, ta ina ya taɓa shingen da ke can cikinta? Amsar a dunƙule ita ce, shingen nan an gina shi ne yana fuskantar jinin da ke gudu a cikin jijiya. Jinin da ya zuba kuwa ta baya ya ɓullo masa, inda ba a sa mai gadi ba. Toshe jijiyar ya hana sabon jini fita, amma wanda ya riga ya fita yana nan kwance, kuma sharrinsa ba ya bayyana sosai sai ya fara ruɓewa.

Inda jinin ya kwanta

Tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa akwai tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne, manne da ƙashi. Na tsakiya siriri ne, a ƙarƙashinsa akwai zare-zare kamar saƙar gizo-gizo. Na ciki ya lulluɓe ƙwaƙwalwar, yana bin duk wani lungu nata. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai sarari cike da ruwa garai-garai, shi ne ruwan ƙwaƙwalwa. Babban mutum yana da kamar mililita 150 na ruwan nan, jiki kuma yana sabunta shi kusan sau uku a kwana guda. A cikin wannan ruwa ne manyan jijiyoyin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa suke shimfiɗe kafin su nutsa cikinta.

A inda jijiyoyin suke rabuwa, a ƙasan ƙwaƙwalwa, wani lokaci bangon jijiya yakan yi laushi ya kumburo kamar balan-balan. Shi muke kira anurizim. In ba buguwa aka yi a kai ba, kusan 85 cikin 100 na irin wannan zubar jini daga fashewarsa ne. Da ya fashe, jini yana shiga cikin ruwan nan da ƙarfin bugun zuciya, ya shafe bayan jijiyoyin, ya bi su har cikin lungunan da suke nutsawa. To kin ga, cewa "bai shiga ciki ba" gaskiya ne a hoto, amma ya kwanta a jikin duk wata jijiya da za ta shiga ciki.

Shingen kansa

Mutane in sun ji an ce shinge sai su zaci wata fata ce da ta naɗe ƙwaƙwalwa. A'a. Shingen shi ne bangon ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwar, waɗanda suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma in aka jera su tsawonsu zai kai kilomita ɗari shida ko kusa da haka. A sauran sassan jiki, ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin irin waɗannan jijiyoyi suna barin 'yan kafofi a tsakaninsu, ruwa da gishiri suna ta shige da fice. A ƙwaƙwalwa an ɗinke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ram, da wasu sinadaran furotin irin su kalaudin-5 da okuludin. A bayan wannan shimfiɗa akwai wata tabarmar kolajin, wani furotin mai zare-zare, da take zaune a kai, akwai ƙwayoyin da suka rungume jijiyar suna daidaita faɗinta, sannan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu siffar tauraro sun miƙo ƙafafuwansu sun rufe kusan duk bayanta. Iskar oksijin tana ratsawa kai tsaye, haka giya da maganin sa barci na tiyata, saboda suna narkewa a kitse. Sukari sai an ɗauke shi ta ƙofarsa ta musamman. Manyan furotin na jini kamar albumin ba su da hanya, kuma magunguna da yawa in sun shiga akwai fanfunan da ke tofar da su waje.

Akwai wani tsohon gwaji da nake son ki riƙe, domin shi ne ainihin amsar tambayarki. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini a jini, ya tarar gaɓoɓin jiki sun rine ban da ƙwaƙwalwa da lakar baya. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin: ya zuba shuɗin rinin a cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Sai ƙwaƙwalwar ta rine shuɗi, sauran jiki bai rine ba. Sai a 1967 ne wasu masana biyu, Reese da Karnovsky, suka ga ɗinkin da idonsu ta madubin lantarki, amma darasin Goldmann tun lokacin ya fito fili: ta fuskar jini ƙwaƙwalwa a kulle take, ta fuskar ruwanta kuwa a buɗe take. Jinin Mama a inda Goldmann ya zuba rininsa ya zuba.

Bugu na farko, cikin mintuna

Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. Matsin da ke cikinsa a mai lafiya bai cika wuce 15 ba a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. A lokacin da anurizim ya fashe, matsin yakan yi tsalle har ya kusa kamo na jinin da ke cikin jijiya. In matsin waje ya yi daidai da na ciki, jini ba ya iya shiga ƙwaƙwalwa. Na 'yan daƙiƙu ko mintuna ƙwaƙwalwa gaba ɗaya tana cikin yunwar oksijin, kuma suman da Mama ta yi ke nan. Abin mamaki, wannan matsin shi ne kuma yake taimakawa zubar ta tsaya har gudan jini ya toshe ɓular. Ya ceci rai, amma da tsada.

Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyi suna cikin waɗanda ke fara jin jiki. Riƙe ɗinkin nan da tafiyar da fanfunan nan aiki ne mai cin ƙarfi, in oksijin ya yanke sai su saki. Da jini ya dawo kuma, yana dawowa ne da wasu burbushin oksijin masu ƙuna da ke cin bangon ƙwaya. Cikin sa'o'i sai wani sinadari mai yankan furotin da ake kira MMP-9 ya ƙaru, ya shiga tsinke ɗinkin, yana kuma cin tabarmar kolajin da ke ƙasa. Wasu ƙwayoyin shimfiɗar suna mutuwa ɗungurungum. A cikin ƙananan jijiyoyin kuma sai 'yan gudajin jini su fara daskarewa nan da can, irin waɗanda hoton asibiti ba ya gani. Duk wannan a cikin sa'o'i 72 na farko yake faruwa, wato tun kafin a shiga da ita tiyata an riga an fara, kuma babu aikin da zai mayar da hannun agogo baya.

Bugu na biyu, jinin da ke ruɓewa

Nan ne nake son mu ɗan daɗe, don shi ne bayanin kwana na shida. Kin san in mutum ya bugu jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, wurin yakan sauya launi kwana bayan kwana kafin ya washe. Haka jinin da ke cikin kai yake yi, sai dai mu muna ganinsa ƙuru-ƙuru. In an sa wa mara lafiya siririn bututun da ke janye ruwan ƙwaƙwalwa, akwai wata jaka da ke rataye gefen gado. Ranar farko ruwan da ke ɗiga cikinta ja ne wur. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi duhu kamar ruwan tsatsa, daga baya ya koma rawaya-rawaya, a ƙarshe ya washe. Ina yawan nuna wa dangi jakar nan, na ce musu abin da kuke gani a nan shi ƙwaƙwalwar take wanka a ciki.

Sauyin launin alama ce ta cewa jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa suna zubar da hemogilobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja. A cikin jijiya, in haka ta faru, akwai wani furotin mai suna haftogilobin da ke cafke hemogilobin ɗin nan take ya kai shi inda za a sarrafa shi. A ruwan ƙwaƙwalwa haftogilobin ɗan kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa. Sai hemogilobin ya yi ta yawo sakaka. Yana shanye wata iska da bangon jijiya ke fitarwa, nayitirik okisayid, wadda aikinta shi ne ta sa jijiya ta saki ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa. Sannan yana wargajewa ya saki sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, ƙarfe kuwa in ya haɗu da oksijin abin da yake yi wa kitsen bangon ƙwaya bai da maraba da tsatsa. Ga kuma turombin, sinadarin da ke daskarar da jini, wanda shi kansa yana sa ƙwayoyin shimfiɗa su tsuke su bar rata a tsakaninsu.

Ƙwaƙwalwa tana da nata masu sharar, su ma sai su tashi. Suna fitar da sinadaran kiran agaji, jijiyoyi su amsa ta hanyar barin fararen ƙwayoyin jini su manne a bangonsu su kutsa. Waɗannan sun zo kwashe jinin ne, aikin kirki, amma hanyar shigarsu ita ce su ƙara buɗe ɗinkin, kuma su ma suna ɗauke da MMP-9 ɗin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa kowane ƙadangare in ya shiga sai ya ƙara faɗaɗa tsagar.

Da shingen ya fara yoyo, albumin da gishiri suna tsattsafowa cikin naman ƙwaƙwalwa, ruwa yana biye da su. Wannan shi ne kumburin da likitanta ya faɗa. Akwai kuma wani kumburin daban da ke tafiya tare da shi, inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka rasa oksijin suke shan ruwa su kumbura da kansu. Kumburin yana ƙara matsi a cikin akwatin da ba ya buɗewa, matsin yana rage shigar jini, ƙarancin jinin yana ƙara raunana shingen. Bayan haka, albumin da ya shiga inda ba wurinsa ba yana rikita ƙwayoyin taurarin nan, su kasa kwashe gishirin fotasiyam yadda suka saba, sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su riƙa tashi ba gaira ba dalili. Wannan yana cikin abubuwan da ke jawo jijjiga, wadda wani lokaci ba a ganinta a jiki sam, sai dai mutum ya yi ta barci.

Kwana na shida da hannun dama

Bari in faɗa miki ra'ayina a matsayin wanda bai ga hotunan Mama ba, bai kuma duba ta ba. Raunin shinge da kumburi suna cikin lamarin, amma in aka ce mini a kwana na shida hannu ɗaya ya yi nauyi, abin da na fara zargi shi ne jijiyoyin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke sarrafa hannun dama, sun tsuke, jini ba ya isa. Wannan tsukewar tana da lokacinta, daga wajen kwana na 4 zuwa na 14, kuma kusan mutum 3 cikin 10 ne ke samun ƙarancin jinin da ke nunawa a jiki. Tushenta ɗaya da na raunin shinge: ruɓaɓɓen jinin nan ne da ya kwanta a bayan jijiyoyi. Sauran abubuwan da muke bincika a irin wannan rana su ne taruwar ruwa a kai, domin gudajin jini suna toshe hanyoyin da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya fita, sai faɗuwar gishirin sodiyam a jini, da zazzaɓi, da ɓoyayyiyar jijjiga. Sau da yawa biyu ko uku ne suke haɗuwa.

Shekaru da dama an ɗauka tsukewar manyan jijiyoyi ita ce duka matsalar. Sai aka gwada wani magani, kilazosentan, ya buɗe jijiyoyin sarai a hoto, amma a manyan gwaje-gwajen farko yadda marasa lafiya suka ƙare bayan watanni bai sauya ba. Wannan ya sa masana suka koma kallon ƙananan jijiyoyi da shingen kansa. Sai dai ki sani, mafi yawan abin da na lissafa miki na MMP-9 da ƙarfe a ɓeraye aka fi ganinsa dalla-dalla. A mutum sai dai mu auna a kaikaice: mu kwatanta albumin ɗin ruwan ƙwaƙwalwa da na jini, ko mu yi allurar wani rini mu ga ko ya tsallaka bango a hoton MRI. A aikin yau da kullum ma ba a cika yin haka ba, kumburin da aka gani a hoton CT da yanayin mara lafiya ake bi.

Na taɓa jinyar wani magidanci da a kwana na bakwai komai nasa daidai yake a takarda. Matarsa ce ta tare ni a bakin ƙofa ta ce tun safe da hannun hagu yake karɓar kofi, alhali shi ba bahago ba ne. Muka sa shi ya miƙe hannuwa biyu ya rufe ido, sai na daman ya riƙa sauka a hankali yana juyawa. Muka ɗaga hawan jininsa da magani, kafin a gama shirin kai shi hoto hannun ya fara dawowa. Tun daga ranar ba na raina abin da mai zaman jinya ya gani.

Abin da ake iya yi

Har yau babu maganin da aka tabbatar yana ɗinke shingen a mutum. An gwada maganesiyam, sakamakon babban gwajinsa a 2012 bai nuna amfani ba. An gwada simbastatin, maganin rage kitsen jini, shi ma a 2014 haka. Magungunan siteroyid suna rage yoyon shinge a kewayen ƙari na ƙwaƙwalwa, amma ba su zama maganin wannan ba, a masu buguwar kai ma wani babban gwaji a 2004 ya nuna suna ƙara mace-mace. Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ne nimodifin, miligiram 60 duk bayan sa'a 4 har kwana 21. Ba ya buɗe manyan jijiyoyin a hoto yadda aka yi zato, amma yana rage yawan waɗanda ke ƙarewa da nakasa. Ki tabbata ba a tsallake shi, in kuma yana faɗar mata da hawan jini likitoci sukan raba shi ƙanana-ƙanana maimakon su dakatar.

Sauran aikin duk na rage wa shingen kaya ne har ya farfaɗo. Ana ɗaga kan gado kamar digiri 30. Ana kashe zazzaɓi da wuri. Ana hana sukari hawa ko faɗuwa. Ana auna sodiyam kullum, domin in ya faɗi ruwa yana gudu daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a yi wa irin su Mama ƙarin ruwa mai ƙarancin gishiri, kuma ba a barin su su bushe. In ruwa ya taru a sa bututu. Akwai ma gwajin da aka wallafa a 2023 da ya nuna janye ruwan mai jini ta gadon baya tun da wuri yana rage lalacewar ƙwaƙwalwa a waɗanda yanayinsu ya ba da dama, wanda ya dace da duk abin da muka faɗa: a kwashe ruɓaɓɓen jinin. In matsi ya hau ana ba da manitol ko ruwan gishiri mai kauri su zuƙo ruwa daga ƙwaƙwalwa. Wani abin lura a nan shi ne, waɗannan magunguna da shingen suke aiki, sai ya tsare su a cikin jijiya sannan su iya jawo ruwa. A inda ya yage suna tsallakawa ne kawai, don haka daga lafiyayyen ɓangare suke samo mana sarari. In duk wannan ya gaza, akan cire wani yanki na ƙoƙon kai a ba ƙwaƙwalwar wuri, a mayar daga baya.

Game da ko yana gyaruwa: e, yana gyaruwa. Ƙwayoyin shimfiɗar jijiya suna hayayyafa, ɗinkin yana komawa, kuma yayin da jinin ke washewa cikin makonni kumburin yana sauka. Abin da ba ya dawowa shi ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu a lokacin da shingen yake buɗe ko jini ya yanke, shi ya sa ake wannan tsaro na mako biyu. Ko waɗanda suka tashi da ƙafafunsu da yawa sukan yi watanni suna fama da gajiya, mantuwa da saurin fushi, kada ku ɗauka halinta ne ya sauya.

A yanzu, ki tambayi likitocinta ko sun ga tsukewar jijiya, ko akwai taruwar ruwa, da kuma nawa sodiyam ɗinta yake yau. Ku da ke gefen gado kuma, in kun ga ta fi ɗazu wuyar tashi, ko magana ta karkace, ko ta daina amfani da hannu ko ƙafa ɗaya, ku kira ma'aikaciyar jinya a lokacin, ko da tsakar dare ne, kada ku jira zagayen safe. Allah ya tashi kafaɗunta.